Tsadar Mai Ta Koma Tsadar Muhalli

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano, zuwa Oktoban 2024 kuwa ta zarce 1,000. Kowa ya ga abin da hakan ya yi wa kwanon masara da kuɗin mota, an kuma yi ta magana a kai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda tsadar mai ta shiga kuɗin haya, ta kuma toshe hanyar da talakan Kano ya saba bi ya mallaki muhalli. A ganina nan ne ciwon ya fi zurfi, domin hatsi yakan sauko da kaka, amma haya in ta hau ba ta dawowa.

A ɗauki Daurawa, a Ƙaramar Hukumar Tarauni. Mazaunin unguwar yana dab da Titin Maiduguri, ga kasuwar Tarauni, ga Gyaɗi-Gyaɗi da Asibitin Malam Aminu Kano. A da, idan mai gida ya ƙara haya, ɗan haya yana da mafita: ya kwashe kayansa ya koma Mariri ko wajen Kumbotso, ya samu ciki da falo a kan kuɗi kaɗan, ya riƙa shigowa aiki. Yanzu wannan lissafi ba ya fita. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, adaidaita sahu ce motar talaka, shi kuma ɗan adaidaita sai ya sayi mai, ya haɗa balas na mai babur, sannan ya nemi na cefane. Ma'aikacin da ke karɓar naira 71,000, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024, in ya ƙirga zuwa da dawowarsa da na yaran makaranta, sai ya tarar abin da ya rage a haya ya tafi a titi. Don haka ya gwammace ya zauna ya biya ƙarin. Dillalai sun san da haka, masu gidaje ma sun sani. Kusanci da gari ya zama haja mai tsada.

A Ingila da Amurka kukan da ake yi na kuɗin ruwan lamunin gida ne. Mu ma Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.5 cikin ɗari a Mayun 2023 zuwa 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Sai dai Bakano dama ba banki yake zuwa ba. Fili yake saya a bayan gari, ya shiga adashi, in ya kwasa ya buga bulo, baɗi ya kai linta, wata shekarar ya yi rufi, ya tare ko da ba a yi filasta ba. Wannan tsari yana tafiya ne muddin naira na riƙe darajarta daga kwasa zuwa kwasa. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 a 2024, hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 a Disamban shekarar. Siminti ya ninka, rodi da kwano sun bi shi, tifar yashi kuwa da dizal take tafiya. Duk wanda ya zaga gefen gari zai ga sakamakon: kangaye sun tsaya a linta, bulo ya yi baƙi da ruwan damina, rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a inda aka yanka ɗakin uwargida. Masu waɗannan gine-gine da sun gama, da tuni sun bar gidan haya. Suna nan ba su fita ba, ga kuma angwaye na shigowa kowane mako suna neman ɗaki.

Za a ce tallafin mai ɓarna ce, 'yan tsiraru ke wawure shi, ana kuma fasa-ƙwaurin man zuwa Nijar da Kamaru. Gaskiya ne, ba kuma ina kiran a dawo da shi ba. Amma hujjar cirewar ita ce kuɗin za su koma ga jama'a ta wata hanya. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Amma buhun shinkafar tallafi da aka raba ya ƙare a mako biyu, hayar shekara kuwa tana jiran mutum. Zanga-zangar Agustan 2024, wadda ta kai ga sa dokar hana fita a Kano, ta isa shaida cewa rabon kayan tallafi bai kai inda ke ciwo ba.

Wasu kuma sun ɗora laifin a kan masu gidaje, suna neman gwamnati ta ƙayyade haya. Akwai marasa tausayi a cikinsu, babu musu. Amma da yawa tsofaffin ma'aikata ne da zawarawa da marayu, waɗanda hayar ɗaki biyu ita ce abincinsu, su ma a kasuwa ɗaya suke awo da ɗan hayar. In aka ɗaure farashi ba a ƙara gidaje ba, ƙarin zai ɓuya a cikin la'ada da biyan shekara biyu a dunƙule.

Ana iya nuna Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ana cirar kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance a kan kashi 6. Da sauƙi a takarda. Amma tela da ɗan kasuwar Kwari ba su da takardar albashi, filaye da yawa a Kano ba su da shaidar mallaka ta gwamna da Dokar Filaye ta 1978 ta tanada, takardar ciniki ce kawai da hannun mai unguwa. Sama da duka, mafi yawan mutanenmu ba za su karɓi bashi da ruwa ba, ko kashi ɗaya ne, kuma ba jahilci ya sa ba, addini ne. Tsarin da bai yi la'akari da wannan ba, ba don Kano aka yi shi ba. Hanyar halal ɗin kuwa tana nan: bankin Jaiz yana aiki tun 2012, gwamnatin tarayya tana gina tituna da sukuk tun 2017. Na san ana ƙorafin ribar bankunan Musulunci ma tana da nauyi, dalili shi ne su ma a kasuwa mai tsada suke samo jari. Nan ne aikin gwamnatin jiha yake: ta zuba jari mai rahusa, a sayi siminti da kwano a sayar wa mai kango a kan ribar da aka sani tun farko, ya biya cikin shekaru, a kuma sauƙaƙa masa takardar filinsa. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo sun nuna gwamnati na iya gina gidaje masu kyau, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin malamin firamare. Ƙarasa ginin da mutum ya riga ya kai rabi ya fi araha nesa ba kusa ba.

Hakan ma ba zai wadatar ba in zuwa gidan ya gagara. Manyan motocin haya masu amfani da iskar gas, da ke tashi a kan lokaci daga Mariri su bi Titin Maiduguri, wasu daga Na'ibawa su bi Titin Zariya, su ne za su sa zama a bayan gari ya sake yiwuwa, matsin da ke kan Daurawa da Tarauni ya ragu. 'Yan majalisar jiha da ke wakiltar Tarauni da Kumbotso ya kamata su nemi a ware wa waɗannan abubuwa biyu, jarin ƙarasa gini da manyan motocin haya, kuɗi da sunansu a kasafi mai zuwa.