A Rufe Bakin Rauta Inda Babu Maƙwabciya

Magabata sun ce baki shi ke yanka wuya. Wannan magana ba ta bar na'urorin zamani ba, balle rauta, wato na'urar nan da ke zaune a mararrabar hanyoyin kwamfuta tana nuna wa kowane saƙo inda zai bi. Muna so mu ja hankalin 'yan'uwanmu ɗalibai, da yayyenmu da suka kama aikin gwamnati, ga wani sakaci da ake yi wajen saita ta.

Rautoci suna zance da juna domin kowace ta san hanyoyin da 'yar'uwarta ta sani. A tsarin RIP, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 1988, rauta takan shelanta hanyoyinta duk bayan daƙiƙa 30. A tsarin OSPF kuwa takan yi sallama duk bayan daƙiƙa 10 a kan layin Ethernet, in kuma daƙiƙa 40 suka wuce ba ta ji ɗuriyar maƙwabciya ba, sai ta ɗauka ta mutu.

To, rauta tana da ƙofofi da yawa. Wata tana fuskantar wata rautar, wata kuwa tana fuskantar ɗakin kwanan ɗalibai ko ofishin akawu, inda babu kowa sai masu kwamfuta. Muddin aka sa ƙofa cikin tsarin, rauta ba ta bambancewa: za ta yi ta shela a can kamar sanƙira a kasuwa. Wa take gaya wa? Duk wanda ya jona kwamfutarsa ya buɗe manhaja irin Wireshark zai iya sauraro. Mafi muni shi ne, mugu na iya sa kwamfutarsa ta amsa sallamar, ta yi shigar maƙwabciya, ta ba da hanyar ƙarya, har saƙonnin jama'a su riƙa bi ta hannunsa ko su ɓace.

Maganin bai wuce layi guda ba. A na'urorin Cisco, umurnin passive-interface yana hana ƙofar da aka ambata fitar da wannan zance. Ra'ayinmu shi ne a fara da passive-interface default, wanda ke rufe bakin dukkan ƙofofi, sa'an nan a buɗe su ɗaya bayan ɗaya inda aka tabbata akwai rauta sananniya. Mai rufewa ɗaya-ɗaya wata rana zai manta da sabuwar ƙofa, ba kuwa abin da zai tuna masa. Amma wanda ya manta buɗewa, nan take zai ga hanya ba ta haɗu ba, ya gyara.

Wasu ma'aikata sukan ce suna tsoron in an rufe, sashen da ke bayan ƙofar zai yanke. Ba haka ba ne. Rauta za ta ci gaba da sanar da maƙwabtanta cewa sashen yana nan, saƙonni kuma su shiga su fita yadda suka saba. Sai dai a lura: a OSPF da EIGRP rufewar tana hana ƙulla maƙwabtaka ɗungurungum, amma a RIP baki kaɗai ake rufewa, kunne yana buɗe. Saboda haka wajibi ne a haɗa da kalmar sirri tsakanin rautoci.

Wanda ke ganin mun cika tsoro, ya tuna ranar 12 ga Nuwamba 2018. Kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa aka shelanta hanyoyin Google ga waɗanda bai kamata a gaya wa ba, saƙonni suka karkata ta Rasha da Sin fiye da awa guda. Wancan a tsarin BGP ne, mai haɗa manyan kamfanoni, amma cutar iri ɗaya ce: faɗin hanya a ƙofar da ba ta dace ba.

Don haka muna kira ga masu kula da hanyoyin sadarwa a jami'o'i da ma'aikatu da su duba kowace rauta, su rubuta ƙofofin da ke magana da dalilin kowace. Malamanmu kuma su koya mana wannan tun ranar da muka fara taɓa rauta a ɗakin gwaji, domin gobe mu ne za a danƙa wa hanyoyin da albashin ma'aikata da sakamakon jarrabawa ke bi.