Gizo-gizon da ke lambunki ba shi ne abin tsoro ba

Da damina ta kankama, ɗan lambun da uwargida ta yi a tsakar gida sai ya cika da baƙi: fara a kan yakuwa, tururuwa a gindin zogale, gizo-gizo ya yi saƙarsa tsakanin kuɓewa. Da yawanmu muna gani sai mu aiki yaro ya sayo fiya-fiya.

Ki dakata tukuna. Gizo-gizon nan ƙudaje da sauro yake kamawa, kuma ba kasafai yake cizon mutum ba sai an matse shi. Ƙudan zuma kuwa, in bai sauka a furen kabewa ba, da wuya ta yi 'ya'ya.

Waɗanda ke kawo mana yara asibiti daban ne. Na farko sauro. A tsohuwar taya, gwangwani, fasasshen tulu ko kwatamin da ruwa ya kwanta, kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Ki zagaya duk sati ki kife su, ki rufe randa da duro.

Sai kunama, mai son ƙarƙashin bulo da tarin itace. Harbinta ya fi tsanani ga ƙaramin yaro. A wanke wurin, a ɗora tsumma mai sanyi, kada a tsaga da reza, kada a ɗaure. In ya fara amai, gumi ko dalalar miyau, ko numfashinsa ya canza, a wuce asibiti nan take.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali a wurin aiki shi ne fiya-fiyar kanta. Ana ɗura ta a robar lemo a tura ƙarƙashin gado, yaro ya ɗauka abin sha ne. Guba ce mai shiga ta baki, ta hanci, har ta fata, kuma in kin fesa a lambu tana nan kan ganyen da za ki tsinka ki yi miya. In yaro ya sha, don Allah kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa ya yi amai, domin abin na iya sarƙe shi ya gangara huhu. A cire rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu, a tafi da shi asibiti tare da robar don likita ya ga abin da ya sha.

Ƙananan ƙwarin da ke manne wa ganye kuwa, ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki yayyafa da yamma.