Afuwa a Shari'ar Kisan Kai: Haƙƙin Waye?

A ranar 27 ga Janairun 2020 Babbar Kotun Birnin Tarayya Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Yusuf Halilu, ta yanke wa Maryam Sanda hukuncin kisa ta hanyar rataya, bayan samunta da laifin kashe mijinta Bilyaminu Bello a gidansu cikin Nuwamban 2017. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen 2020. A watan Oktoban 2025 sai sunanta ya fito cikin jerin mutum 175 da Shugaba Bola Tinubu ya yi wa afuwa, jerin da ya ƙunshi har da masu laifin safarar miyagun ƙwayoyi. Da jama'a suka yi ca, fadar shugaban ƙasa ta sake duba jerin, ta cire sunaye da dama, ta mayar da hukuncin Maryam ɗaurin shekara 12.

Sashe na 175 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon yin afuwa, kuma da dokar Penal Code aka yi wannan shari'a. Duk da haka ya kamata mu san matsayin Musulunci, domin ma'auratan da iyalansu Musulmi ne.

A Suratul Baƙara, aya ta 178, Allah Maɗaukakin Sarki Ya wajabta ƙisasi, sannan Ya buɗe ƙofar rangwame da diyya, Ya danƙa mabuɗinta ga dangin wanda aka kashe. Suratul Isra'i, aya ta 33, ta ƙara tabbatar da cewa waliyyin mamaci ne aka ba wannan iko. Saboda haka malaman fiƙihu suka ce shugaba ba shi da hurumin yafe jinin da masu shi ba su yafe ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a ƙasarmu, ko da waliyyai sun yafe, mai kisan ganganci yana shan bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, domin al'umma ma tana da haƙƙi a kansa.

A wannan shari'a an ji muryoyi biyu daga dangin mamacin: mahaifinsa ya ce ya yafe, wasu daga cikin dangin kuma suka ce afuwar ta fama musu ciwo. Irin wannan saɓani, a tsarin Musulunci, gaban alƙali ake kai shi, ya tantance wanda ke da haƙƙin magana bisa kusancin nasaba, ya kuma kiyaye rabon marayu idan an koma ga diyya.

Abin da ya shafi gidajenmu a nan abu biyu ne. Na farko, kada mu matsa wa masu jini da cewa "a bar wa Allah" don kawai wanda ya yi kisan ɗan manya ne. Yafiya ibada ce, ba ta inganta da tilas. Na biyu, Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta umarce mu da tura mai sasanci daga dangin miji da wani daga dangin mata da zarar an ji tsoron ɓaraka. Idan duka ko barazana da makami ko shaye-shaye ya shigo aure, kalmar "yi haƙuri" kaɗai ba ta wadatar ba. Iyaye su zauna, a sanar da hukuma, a raba su in hali ya kai ga haka, domin saki halal ne, ran da aka ɗauke kuwa ba ya dawowa.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.