Zaɓen Fidda Gwani Ba Ya Juya Akalar Mai Mulki

Duk sanda kakar siyasa ta kawo jiki, sai a ji matasa a majalisun Jangeru da Shinkafi suna cewa da wani jarumi zai fito ya ja da shugaban ƙasa a cikin jam'iyyarsa, da ya shiga taitayinsa ya waiwayi talaka. Fatan alheri ne, amma tarihin Nijeriya bai gaskata shi ba.

A watan Janairun 2003 Alex Ekwueme da Abubakar Rimi sun ja da Obasanjo a zaɓen fidda gwani na PDP. Ya ji tsoro ƙwarai, amma wa ya bi yana lallashi? Gwamnoni da mataimakinsa Atiku, domin daliget a hannunsu suke. Da ya haye sai ya juya wa Atikun baya, har ya zamo ana fafutukar ba shi tazarce, sai da majalisar dattawa ta yi watsi da batun a 2006.

Haka aka sake yi a Janairun 2011. Dattawan Arewa ƙarƙashin Adamu Ciroma suka tsayar da Atiku ya kara da Jonathan. Jonathan ya sami ƙuri'a 2,736, Atiku 805. Shekara ba ta cika ba, ranar 1 ga Janairun 2012, ya janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141.

Mai karatu zai iya cewa ai a Amurka an yi. Gaskiya ne, a 1968 Eugene McCarthy ya girgiza Shugaba Johnson a jihar New Hampshire kan yaƙin Biyetnam, har Johnson ya janye takara ya kuma rage ruwan bama-bamai. To amma can jama'ar gari ne suka jefa ƙuri'ar. A nan kuwa, a zaɓukan 2003 da 2011, gwamna ne ke tara mutanensa ya kai su Abuja, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shugaba gwamnoni zai biya bashi, ba manomin Zurmi da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba. Wani lokacin ma ƙofar rufe ta ake yi. Buhari ba shi da abokin karawa a 2018, kuma tun watan Mayun 2025 gwamnonin APC suka ce Tinubu kaɗai suka sani.

Me ya taɓa tanƙwara mai mulki? A wancan Janairun na 2012 ma'aikata suka shiga yajin aiki, jama'a suka fito a Kano da Kaduna da Legas, cikin mako guda lita ta sauko naira 97. Abin da daliget suka kasa, haɗin kan talakawa ya yi shi.

Saboda haka matashin da ke fargabar bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi kada ya rataya begensa a wuyan ɗan takara. Ya nemi ilimi, ya haɗa kai da maƙwabtansa, su faɗi buƙatarsu da murya ɗaya cikin lumana da tsari. Allah Ya sa a gane.