Aro, Haya ko Kyauta? Amsa ga Masu Ƙyamar Kayan Kamfani

Akwai wata magana da ke yawo tsakaninmu, mu ɗalibai masu son Linux da sauran manhajoji masu buɗaɗɗen tushe. Ana yin ta a fada wajen shayi, ana yin ta in an fito daga anfi. Wai duk fasahar da ta fito daga gidan Microsoft, ko Apple, ko Adobe, ko Google, najasa ce, bai kamata buɗaɗɗiyar manhaja ta taɓa ta ba ko da da sanda. Masu wagga magana abokaina ne, tare muke cin kopto, kuma na san da zuciya ɗaya suke yin ta. To amma magana ce maras tushe, kuma in aka bi ta har ƙarshe, mu masu rubutu da Hausa mu ne farkon waɗanda za su ji a jikinsu.

Ga wanda bai saba ba: buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda kowa ke iya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya raba wa wasu, da izinin da ke rubuce cikin lasisinta. Rufaffiya kuwa mai ita ya kulle cikinta, kai dai ka danna ka yi shiru. Ina tare da ta farko ɗari bisa ɗari. Gardamar ita ce: in kamfani mai rufaffen kaya ya ƙirƙiro wata fasaha, mu ɗauka ko mu ƙi?

Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, don haka daga harshe zan faro. Bahaushe bai tara duk abin da ya karɓa daga hannun wani ƙarƙashin kalma ɗaya ba. Akwai aro: ka karɓi tabarma ko keke, ka maida shi kansa in mai shi ya nema. Akwai rance: ka karɓi gero ko kuɗi, ka maida kwatankwacinsa. Akwai haya: kana biya kana zaune, ran da ka kasa biya ka kwashe komatsanka. Akwai kuma kyauta: an ba ka, ya zama naka, ka yanka, ka ɗinka, ka bar wa ɗiyanka gado. Duka huɗun daga hannun wani suka fito. Abin da ya bambanta su shi ne sharaɗin da ke kansu.

A aji muna cewa “kalmomin aro”, amma sunan kawai ne. Littafi daga Larabci ya zo, alƙalami haka, lakkwal daga Faransanci, mota daga Ingilishi. Wane Balarabe ne ya taɓa zuwa Damagaram ya ce a maido mishi da littafi? Mun karɓe ta, mun lanƙwasa ta yadda bakinmu ke so, mun yi mata jam'i irin namu, littattafai, wanda ba ya cikin Larabci. Kalmar ta zama tamu saboda abu biyu: ba mai iya ƙwace ta, kuma muna da ikon sarrafa ta. Mutumin da zai ce a fitar da duk kalmar da ba a haifa a Gobir ko Katsina ba, sai ya fara da daina cewa karatu, ya daina cewa lahadi, ya daina cewa duniya. Da mi zai yi mana wa'azin?

Yanzu a buɗe kwamfutar mai ƙyamar mu gani. Linux da yake taƙama da ita an tsara ta ne bisa salon Unix, Unix kuwa a ɗakunan bincike na kamfanin wayar tarho na Amurka, AT&T, aka haife ta a 1969. Harshen C da aka rubuta Linux da shi, ɗan gidan nan ne. Firefox jikar Netscape ce, manhajar kamfani da aka buɗe tushenta a 1998. LibreOffice da muke buga memuwar da ita ta faro a matsayin StarOffice, kayan sayarwa na wani kamfanin Jamus. Kamfanin Sun ya saye shi a 1999, ya buɗe tushen a 2000. Shi kansa PDF da ake kai wa mai fotokopi, Adobe ce ta ƙirƙiro shi a 1993, ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2008. In asali ne laifi, malam, sai ka kashe injin ka koma ga allo da tawada.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai, wato haruffanmu. Baki daban, baƙi daban. Kare daban, ƙare daban. Wanda ya rubuta Hausa babu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, ya bar mai karatu da canki-canki. Ku tambayi yayyenmu yadda ake fama da. Kowane ofis, kowace maɗaba'a na da nata zubin haruffa da aka yi wa dabara: a cire wani harafin da ba a bukata, a dasa ƙ a gurbinsa. Muddin kana kan injin nan, lafiya lau. Ka kai rubutun wani injin, sai ƙ ta rikiɗe ta koma wata alama ko ɗan akwati. Aikin shekaru ya zama tarkace. Abin da ya raba mu da wannan wahala shi ne Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin. Yau ƙ lambarta 0199, ƴ tamu ta Nijar lambarta 01B4, ko a Tawa ko a Tokiyo. To su wa suka faro Unicode? Injiniyoyin Xerox da Apple, a ƙarshen shekarun 1980. Ƙungiyar da ke kula da shi, wadda aka kafa a 1991, manyan kamfanoni ne cike da kujerunta. Da ƴan Linux sun ce ba su taɓa shi saboda warin kamfani, da yanzu saƙon da na rubuta a Yamai ba ya karantuwa a Maraɗi.

Haka zancen yake ga OpenType, tsarin zubin haruffa da Microsoft da Adobe suka haɗa kai suka fitar. Shi ke sa harafin ajami ya sauya kama gwargwadon inda ya faɗo cikin kalma, shi ke sa mu ƴan kimiyyar harshe mu iya ɗora alamar karin sauti bisa alamar tsawon wasali ba tare da sun hau juna ba. An wallafa ƙa'idojinsa a fili, sai masu buɗaɗɗiyar manhaja suka rubuta HarfBuzz, injin da ke jera haruffa cikin Firefox da LibreOffice da wayoyin Android. Zubin Alkalami da ƙungiyar SIL ta fitar, wanda ya kwaikwayi hannun ajami irin na Kano da Nijar, da tsarin nan yake aiki, kuma lasisinsa a buɗe yake. Keyman, da ke ba mu damar buga ƙ da ɗ a kan madannan Faransanci, da kayan sayarwa ne na wani ƙaramin kamfani a Ostareliya, kafin SIL ta karɓe shi a 2015, daga baya ta buɗe tushensa. Mu ƙi shi don an taɓa sayar da shi? Kay, jama'a!

Abokaina za su ce na manta tarihi. Ban manta ba, bari ma in taya su kawo hujjojinsu. A 1998 wasu takardun cikin gida na Microsoft suka fito fili, inda ake tattauna yadda za a karya lagon buɗaɗɗiyar manhaja ta hanyar ɗaukar ƙa'idojin kowa da kowa a yi musu ƙari irin na gida. A 2001 shugaban kamfanin na lokacin, Steve Ballmer, ya kamanta Linux da cutar daji. A ƙarshen 1994 kamfanin Unisys ya tashi neman kuɗi a kan dabarar matse hoto da ke cikin GIF, bayan duniya duka ta riga ta saba da shi. Masu gina Linux sun yi shekaru suna aiki da BitKeeper, rufaffiyar manhaja da aka bar su su yi amfani da ita ba biya, sai a 2005 mai ita ya janye izinin. A 2009 Microsoft ta kai TomTom kotu, cikin ƙarar har da haƙƙin ƙirƙira na tsarin ajiya na FAT da ke cikin Linux ɗin na'urorinsu. Oracle ta maka Google a kotu a 2010 kan Java da ke cikin Android, ba a rufe shari'ar ba sai 2021. Duk gaskiya ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

To amma ku dubi waɗannan labarai da kyau. BitKeeper aro ne, mai abu ya zo ya karɓi abinsa, shi ke nan. GIF haya ce da aka ɓoye kuɗinta sai da mutane suka gama shimfiɗa tabarma. FAT kuwa a lokacin igiyar haƙƙin ƙirƙira na ɗaure a ƙafarsa. Ba a cuci kowa don abin ya fito daga kamfani ba. An cutu ne don an karɓa ba a tambayi sharaɗi ba. Zanen aro ba ya rufe katara, ai mun sani. Laifin wanda ya ɗauki aro ya zaci kyauta ne.

Ku kwatanta da abin da ya faru da OpenOffice. A 2010 Oracle ta haɗiye Sun, masu aikin suka ga take-taken sabon maigida bai yi musu ba. Mi suka yi? Suka ɗauki tushen gaba ɗaya, suka kafa tasu gidauniya, suka sa wa abin suna LibreOffice, aiki ya ci gaba. Oracle ba ta iya hana su ba, don lasisin da Sun ta saka tun farko ba ya warwaruwa. Wannan ita ce kyauta ta gaske: ko mai bayarwa ya yi nadama, bakin alƙalami ya bushe.

Abu ɗaya ma na iya tashi daga wannan rukuni ya koma wancan. Katin ajiya na waya ko na kyamara da ya wuce jiga 32, da tsarin exFAT na Microsoft yake zuwa. Shekaru da yawa ba a sa shi cikin zuciyar Linux ba saboda tsoron kotu, kuma ƙin nan daidai ne a lokacin. A 2019 Microsoft ta wallafa ƙa'idojinsa, ta amince a sa shi cikin Linux, aka kuwa sa shi a shekarar. Fasahar ita ce dai, kamfanin shi ne dai. Sharaɗi ne ya sauya, hukunci ya bi shi.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace mu riƙa tambaya, a maimakon “ɗan gidan wa ne?”. An wallafa yadda abin ke aiki duka, ko an ɓoye rabi? Lasisin ya ba kowa izinin gyarawa da rabawa, kuma ba a iya janye shi? Akwai haƙƙin ƙirƙira da aka rataya a kansa, in akwai, an yafe shi a rubuce? Sannan babbar tambaya: in kamfanin ya mutu gobe, ko aka saye shi, ko ya juya mana baya, muna iya ci gaba ba tare da shi ba? In amsoshin sun yi, a karɓa hannu biyu, ko daga gidan maƙiyi ya fito. In ba su yi ba, a ƙi, ko da murmushi aka miƙo shi.

Akwai wuri ɗaya da sai an yi sassauci, wato inda rufaffen tsari ya riga ya mamaye gari. Malami ya ce a turo aiki da docx, ma'aikata ta ce docx, mai sibar bai san komi ba sai docx. Da LibreOffice ta ƙi buɗe shi don tsarki, ɗalibi nawa ne zai iya barin Word? Ko ɗaya. Iya karanta harshen maƙwabci ba mubaya'a ba ce. A buɗe nasu, a tura musu da nasu in sun matsa, amma ajiyarmu ta asali mu yi ta da ODF ko rubutu tsura na Unicode, wanda jikokinmu za su iya buɗewa ba da izinin kowa ba.

Kada kuma ƴan ɗaya ɓangaren su yi dariya, masu cewa “ai duk ɗaya ne, tunda ba mu biya”. Windows ɗin sata da aka zuba maka a kasuwa ba kyauta ba ce. Manhajar da ke riƙe da dukan rubuce-rubucenka a rumbun wani kamfani a ƙetare, wadda ke iya rufe maka ƙofa da safe ɗaya, ita ma ba kyauta ba ce. Rashin biya bai maida aro kyauta. Su da masu ƙyama cuta ɗaya ke damunsu: duka biyun ba su karanta sharaɗi. Wancan ya ga suna ya gudu, wannan ya ga banza ya faɗa.

Maganar ta ƙara nauyi yanzu. Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ke nan takardu, littattafan lakkwal, ƙamus na fannoni, duka za a bukace su da Hausa, kuma wani zai zaɓi tsarin da za a adana su ciki. Mu da ba mu da ma'aikatar ƙera manhaja, ba mu da injiniyoyi dubu, ba mu da halin sake ƙirƙiro duk abin da duniya ta riga ta ƙera don kawai mu ce hannunmu tsarkakakke ne. Dubi Tesseract, manhajar da ke karanta hoton shafi ta maida shi rubutu. Kamfanin HP ne ya gina ta, ya buɗe tushenta a 2005, Google ta ɗauki nauyinta shekaru bayan nan. Tunda a buɗe take, muna iya koya mata bambancin k da ƙ, mu ceto tsofaffin jaridun yaƙi da jahilci da memuwar ɗin da gara ke ci cikin kabad. Mozilla na da shirin Common Voice mai tara muryoyi don kowa ya yi amfani da su, Hausa na ciki. Muryar Ader da ta Gobir da ta Damagaram ba za su shiga ba sai in mu muka shigar da su.

Wannan shi ne aikin da ke jiranmu, ƴan'uwa. Lokacin da muke ɓatawa wajen binciken asalin kowace fasaha kamar masu neman aure, da mun sa shi cikin karanta lasisi ɗaya daga farko har ƙarshe, da gardamar ta mutu tuni. A karo na gaba da wani ya ce maka kaza haramun ne don daga Microsoft ya fito, ka zuba mishi shayi na biyu, ka tambaye shi: aro ne, haya ce, ko kyauta? In bai sani ba, ya je ya karanto, sannan a ci gaba da magana.