Katin bashi na tafiya: abin dubawa kafin a ɗaure kaya

Duk shekara, idan hutun makarantu ya kama a ƙasar Amurka, ko Umrar azumi ta gabato, ƴan uwanmu mazauna New York da Greensboro da sauran biranen can sukan shiga shirin tafiya. Wannan ya nufo Maraɗi ganin tsohuwa, wancan ya nufi Makka, wani kuma zai biya ta Faransa ko Istanbul saro kaya. A cikin shirin nan akwai tambayar da takan kwana a zukatansu: da wane kati za a kashe kuɗi a hanya? Kamfanonin bashi sun san da haka, shi ya sa suke cika akwatunan wasiƙa da takardun talla masu ɗauke da hoton jirgi da bakin teku, suna alkawarin maki wanda wai zai koma tikiti kyauta. Mai karatu na gida zai iya cewa wannan ba ruwansa. Ruwansa ne ƙwarai, domin duk abin da kati ya ci a hanya, daga rabon dangi aka yanke shi.

Bari mu fara da inda ake samun katin. Ban da manyan bankuna, a Amurka akwai asusun ajiya da bashi na membobi, irin wanda Faransanci ke kira caisse populaire ko mutuelle. Ba baƙon abu ba ne gare mu. Alphonse Desjardins ne ya kafa irinsa na farko a nahiyar Amurka ta Arewa, a Lévis ta ƙasar Kanada, a shekarar 1900, kuma shi ne ya taimaka aka buɗe na farko a Amurka, a garin Manchester na jahar New Hampshire, domin ma'aikatan masaƙu masu jin Faransanci waɗanda bankuna ba su damu da su ba. Jikokin wannan gida na Desjardins ɗin ne dai suka taimaka wa ƙasashenmu na UEMOA wajen tsara dokar PARMEC a shekarun 1990, wadda ta ba asusun namu gindin zama. Tushen ɗaya ne: masu ajiya su ne masu gida, kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan kuɗinsa, kuma ba a da masu hannun jari na waje da za a tara wa riba.

Wannan tushe yana da amfanin da ake iya ƙirgawa. Dokar tarayya ta 1934 ce ke tafiyar da waɗanda ke ƙarƙashin gwamnatin tsakiya, kuma hukumar NCUA, wadda aka kafa a 1970, tana lamunce ajiyar kowane memba har dala 250,000. (Dalar Amurka nake nufi a duk wannan shafi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.) Mafi muhimmanci ga mai kati, hukumar ta ƙayyade kuɗin ruwa: tun 1987 asusun tarayya ba ya wuce kashi 18 cikin 100 a shekara a kan irin wannan bashi, alhali kuwa a shekarun 2023 da 2024 matsakaicin kuɗin ruwan katunan bankuna ya haura kashi 20, wasu katunan ma sun doshi 30.

Sai dai ba kowane asusu ne ƙofarsa ke buɗe ga kowa ba. Navy Federal, wanda ya fi su girma duka, na sojoji ne da ma'aikatan tsaro da iyalansu. UNFCU na ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya ne, kuma ƴan ƙasarmu da ke aiki a hukumominta sun san shi. State Employees' Credit Union na ma'aikatan jahar North Carolina ne da danginsu. PenFed kuwa ya buɗe wa kowa, da ajiyar dala 5 mutum ya zama memba. Akwai kuma irin Latino Community Credit Union, wanda aka kafa a Durham a shekarar 2000 bayan ɓarayi sun addabi baƙi masu yawo da albashinsu cikin aljihu don ba su da banki. Shi an gina shi ne domin baƙo. Saboda haka matakin farko shi ne mutum ya san gidan da zai karɓe shi, kafin ya tsaya sha'awar kati.

To an shiga. Me za a duba?

Ni a ganina, makin nan da ake ta kururutawa shi ne abu na ƙarshe a layi. Na gaba da komai shi ne ladan da ake yanka a kan duk cinikin da aka yi a wajen Amurka. Katuna da yawa na bankuna suna cire kashi 3 cikin 100. Wasu asusun membobi suna cire kashi 1, wanda shi ne abin da kamfanin Visa ke karɓa daga wajensu su kuma su ɗora wa memba. Wasu, irin su Navy Federal da PenFed, ba sa cire komai. Mu ɗauka mutum ya kashe dala 3,000 a tafiyarsa, tsakanin otel da tsaraba da abinci. Da katin kashi 3, dala 90 ta tafi, wajen jikka 50 ke nan na sefa, buhun shinkafa har da canji. Idan katin yana ba da maki ɗaya da rabi a kan kowace dala, mutum ya samu maki 4,500, kuma da yake galibi maki ɗaya bai wuce darajar santi ɗaya ba, ladansa dala 45 ce. An ba shi 45 da hannun dama, an karɓe 90 da na hagu. Wannan lada a rubuce yake cikin jadawalin da doka ta tilasta a ba duk mai neman kati. Ƙananan baƙaƙe ne, amma suna nan, kuma karanta su bai kai minti biyar ba.

Akwai wani lada kuma wanda babu shi a jadawalin, don ba asusun ke cire shi ba. A kanti ko otel a Paris ko Istanbul ko Jidda, idan aka miƙo ƴar na'urar biya, takan tambaya: da dala za ka biya ko da kuɗin ƙasa? Mutum ya ga dala, kuɗin da ya saba da su, sai ya danna. Nan aka kama shi. Idan ya zaɓi dala, bankin mai kanti ne ke yin canjin da farashin da ya ga dama, kuma yakan wuce kashi 3 ɗin da aka gudo wa. Idan ya zaɓi kuɗin ƙasa, Visa ko Mastercard ne ke canjin, da farashi na kusa da na kasuwa. A Faransa a zaɓi yuro, a Turkiyya lira, a Saudiyya riyal. Na Saudiyya ma lissafinsa mai sauƙi ne, tun da riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya tun 1986. Duk wanda ya ga wani farashi mai nisa da wannan a kan na'ura, ya san an sa masa hannu a aljihu. Haka sefa take ɗaure da yuro tun 1999, yuro ɗaya 655.957.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar mai zuwa gida. Kati a Makka da Madina da Turai abin biya ne na yau da kullum, har mai sayar da shayi a filin jirgi yana karɓa. A Nijar kuwa, idan aka cire manyan otel da wasu kantuna da kamfanonin jirgi a Yamai, ciniki na tsabar kuɗi ne. Ba wanda zai sayi rago a kasuwar Maraɗi ko ya sallami mai gini a Damagaram da katin bashi. Abin da mutum kan yi shi ne ya nufi injin fidda kuɗi na banki ya sa katin, kuma wannan shi ne kuskure mafi tsada a dukan tafiyar. Cirar tsabar kuɗi da katin bashi, rance ne kai tsaye. Kuɗin ruwansa yana fara hawa tun ranar da aka cira, ba a jiran ƙarshen wata. Katuna da yawa suna ƙara lada a kai, bankin mai injin shi ma ya ɗauki nasa. Maki kuma ko ɗaya ba a samu. Maganin wannan shi ne katin ajiya, wanda ke cira daga kuɗin mutum na kansa, kuma asusu guda ne ke ba da duka biyun. Na bashi domin tikiti da otel da hayar mota, na ajiya domin injin. Har ila yau kada a dogara da injin kacokan. Waɗanda suka zo gida bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO da UEMOA ya ƙuntata bankuna har zuwa Fabrairu 2024, sun ga yadda ake layi ana ƙayyade abin da za a cira. Guzurin yuro ko dala a ɓoye cikin kaya bai tsufa ba.

Haka nan masu tunanin aiko da kuɗi gida da katin bashi kafin su taso, don su tara maki. Galibin masu kati suna lissafa wannan a matsayin cirar tsabar kuɗi ne, da duk abin da ke biye da ita. Gaskiya ne daga 1 ga Janairu 2026 Amurka ta sa harajin kashi 1 a kan aiken da aka biya da tsabar kuɗi, ta kuma yafe wa wanda ya fito daga ajiyar banki ko kati. Amma katin ajiya ya isa ya kauce wa harajin ba tare da an faɗa ramin rance ba.

Wasu ƙananan abubuwa, a taƙaice. A duba tambarin da ke jikin katin: Visa da Mastercard suna shiga kusan ko'ina, American Express da Discover kuwa sukan bar mutum a tsaye. A nemi lambar sirri kafin a tashi, domin Amurkawa sun saba da sa hannu, alhali injinan tikitin jirgin ƙasa da gidajen mai marasa ma'aikaci a Faransa lamba suke tambaya. Kuma a riƙe kati biyu daga gidaje biyu, kowanne a aljihu daban.

Ba zan ɓoye raunin asusun membobi ba, musamman ƙanana. Na'urorinsu masu farautar ɓarayi ba su saba ganin ciniki daga Afirka ta Yamma ba, da sun ga an taɓa kati a Yamai sai su rufe shi. Buɗewa kuwa sai an kira, ko an karɓi saƙo a lambar wayar Amurka wadda wataƙila ba ta aiki a nan. Tsakanin Yamai da New York akwai awa 5 da damina, awa 6 da ɗari. Wanda katinsa ya maƙale da hantsi a nan, can ko asuba ba ta yi ba, kuma ba kowane ƙaramin asusu ne ke da mai amsa waya cikin dare ba. Lambobin kyauta masu farawa da 800 galibi ba sa shiga daga waje. Kafin a zaɓi kati sai a tambaya ƙarara: kuna amsa waya dare da rana? Wace lamba ake kira daga ƙetare? Zan iya sanar da ku tafiyata ta wayar hannu? Asusun da ya yi ta kame-kame a kan waɗannan, ko makinsa ya kai na kowa, ba abokin tafiya ba ne. Abin kwantar da hankali guda shi ne dokar tarayya, wadda ta ce idan an sace kati aka ci bashi da shi, abin da zai hau kan mai shi ba zai wuce dala 50 ba, kuma Visa da Mastercard sukan yafe har wannan ɗin in an sanar da wuri.

Sai mu dawo kan makin. Iri biyu ne a taƙaice: wanda ake mayarwa kuɗi, da wanda ake sayen tikiti da shi. Manyan bankuna suna da katunan da ake iya tura makinsu zuwa kamfanonin jirgi, amma sukan karɓi kuɗin shekara, daga dala 95 har zuwa ɗaruruwa. Na asusun membobi yawanci ba su da wannan hanya, amma da yawansu ba su da kuɗin shekara. Ga ɗan Nijar ina ganin wanda ake mayarwa kuɗi ya fi. Dalili kuwa, jiragen da ke sauka Yamai ƙalilan ne, kuma hanya tana iya sauyawa dare ɗaya: wanda ya shekara yana tara makin Air France ya ga kamfanin ya dakatar da zuwa Yamai a Agusta 2023, sai ta Casablanca ko Istanbul ko Addis Ababa. Kuɗi kuwa kowane kamfani yana karɓa. Game da kyautar maraba, wadda ake cewa ka kashe kaza cikin wata uku a ba ka maki dubu kaza, tana da kyau idan dama za a sayi tikitin iyali a lokacin. Idan sai an ƙirƙiro sayayya don a kai adadin, to kamfanin ne ya ci kyautar.

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan ƙafa guda: a biya bashin gaba ɗaya kowane wata. Dokar 2009 ta ba mai kati aƙalla kwana 21 tsakanin fitowar takardar bashi da ranar biya, kuma wanda ya biya duka cikin wa'adi ba ya biyan ko santi na ruwa a kan sayayya. Wanda ya bar dala 3,000 ɗin nan ta kwana, ko a kan kashi 18 na asusun tarayya, ruwan wata ɗaya dala 45 ne, daidai da makin tafiyar duka. Wata na biyu kuma daga aljihu ne. Ga Musulmi maganar ta wuce ta asara. Malamai sun saɓa a kan riƙe irin wannan kati: wasu sun hana saboda sharaɗin ruwa da ke cikin yarjejeniyar tun farko, wasu sun yi sassauci ga mazaunin ƙasar da rayuwa ke wuya ba tare da shi ba, muddin ya tabbata zai biya kafin ruwa ya hau. Kowa ya tambayi malaminsa. Amma babu ɓangaren da ya yarda a tafi Umra da bashin da zai yi ta haihuwa bayan an dawo.

Mu kuwa mun san yadda zuwa gida yake. Mutum ya sauka da lissafinsa a rubuce, kafin sati ya zagayo ga biki, ga suna, ga rufin ɗakin da ya zube, ga ƙane mai neman jari, kuma ba a cewa babu. Shi ya sa nake ba da shawara a roƙi asusun ya sa katin a kan biyan kai tsaye na dukan bashin daga ajiya kowane wata, a kuma zuba kuɗin tafiyar a ajiyar tun kafin a tashi. Wanda bai daɗe da zuwa Amurka ba, wanda bai da tarihin bashi da za a duba, ba zai samu katin maki nan take ba. Sai ya fara da katin jingina, ya ajiye dala 300 ko 500 a ba shi kati na daidai wannan adadi, ya yi wata shida zuwa shekara yana biya a kan kari, sannan ya nemi na tafiya. Neman ya kamata a yi shi aƙalla wata biyu kafin ranar tashi, domin katin da lambar sirrinsa sau da yawa a wasiƙu daban-daban suke zuwa.