Mai Difloma Bai Iya Juye Ba?

A gonar Babanmu da ke fadama, can bayan Kafin Hausa, na sha kunyar da ban taɓa shan irinta a ɗakin jarrabawa ba. Ina ND1 a lokacin. Na je gida ƙarshen mako cikin watan Fabrairu, alkama ta fara fidda kai, daidai lokacin da ba ta son a yi mata wasa da ruwa. Muna tsaka da ban-ruwa sai injin ya canza murya, ya riƙa ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ya fesa hayaƙi, ya ɗauke. Baba ya juyo ya dube ni ya ce, "To, Injiniya, bismillah." Shi da gaske yake, don tun da na fara karatu haka yake kirana. Na durƙusa, na zagaye injin sau biyu, wallahi ko notin da ake kwancewa a zubar da mai ban gane ba. Alhali a satin nan na zana injin a takarda, fistin da komai, har malam ya ba ni maki mai kyau.

Da bakanike ya zo ya kwance notin, abin da ya fito bai cika kofin shayi ba, baƙi ƙirin, da kauri kamar kwalta. Ashe tun da aka fara noman rani ba a yi wa injin juye ba. Ƙari kawai ake yi da man awo na cikin robar lemo, wanda ba wanda ya san sunansa balle asalinsa. Kwana shida injin ya yi a gareji a Haɗeja. Muka koma hayar injin maƙwabci da dare in ya gama nasa, duk da haka gefe guda na gonar ya bushe. Kuɗin gyara kuwa, akuyar Inna aka sayar. Baba bai ce mini komai ba, kuma da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shi ya sa nake ganin bai kamata ɗalibin foli ya karɓi difloma alhali bai iya yi wa inji juye da hannunsa ba, ko injiniyanci yake karantawa, ko akanta, ko aikin gona, namiji ne ko mace. Wane gida ne cikin gidajenmu babu mota, ko mashin, ko janareto, ko injin ban-ruwa? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda aljihu ya koma, ga kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo. Inji ɗaya ya buga, sai gida ya shiga bashi. Kuma mafi yawan abin da ke kashe injunanmu bai wuce mai ba: ko ya tsufa, ko ya yi ƙasa, ko jabu ne.

Ni a SIWES na koya, wata huɗu a wani gareji a Haɗeja. Ranar farko Oga ya miƙo mini tsumma da sifana ya ce in shiga ƙarƙashin wata Golf. Na yi tsammanin zan ga wani abin sirri. Ashe kayan aikin duka sun shiga buhu ɗaya: sifana mai zobe daidai da notin motarka (yawancin Toyota lamba 14, Honda 17, Golf 19), abin kwance filta, tasa mai faɗi ta tarar mai, mazurari, tsumma, sabuwar wosha, sai jak da abin tokare mota. A nan zan tsaya in ja kunne: kar ka kuskura ka kwanta ƙarƙashin mota tana kan jak kawai. Jak yana zamewa, musamman a ƙasarmu mai yashi. Ka nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ka sa dutse bayan tayoyi, ka tokare motar da ƙarfen tokara ko kututture mai ƙwari. Tubalin siminti yana fashewa, ba a tokara da shi.

Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba. Ka tayar da injin minti biyar don man ya yi ɗumi ya saki jiki, ka kashe, ka kwance noti, ka bar shi ya tsiyaye sarai. Ka mayar da notin da sabuwar wosha, kuma kar ka nuna masa ƙarfi, domin in zare ya cinye ka sayi wata wahalar. Filta kuma, ka tabbata tsohuwar robar ta fito tare da tsohuwar filtar, ka shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, ka ɗaure da hannu, ba da sifana ba. Ka zuba mai, ka jira kaɗan, ka duba geji ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Wasu suna cikawa fal wai don ƙauna, alhali man da ya wuce kima kumfa yake yi, yana kuma tura roba ta fara yoyo. Ka tayar, fitilar mai ta ɗauke cikin 'yan daƙiƙoƙi, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, ka kashe ka sake duba geji. Shi ke nan fa.

Inda karatunmu yake da rana shi ne wajen sayen man. Oga ya fi ni iya sifana nesa ba kusa ba, amma ranar da na karanta masa abin da ke jikin galan, shi ma ya tsaya ya saurara. Lambar nan da kuke gani, 20W-50 ko 10W-40 ko 5W-30, kaurin man take nunawa: ta farko lokacin da inji yake da sanyi, ta biyu lokacin da ya ɗauki zafi. Mu a nan mun saba da 20W-50, kuma yana yi wa tsofaffin motoci irin Golf ɗin da ke jigila tsakanin Haɗeja da Kano daidai. Amma motocin baya-bayan nan da yawa 5W-30 aka rubuta musu ko wanda ya fi shi tsinkewa, saboda hanyoyin man da ke cikinsu ƙanana ne. Ka zuba musu mai kauri don kawai "garinmu da zafi", man ya daɗe bai isa sama ba da safe, ƙarfe ya ci ƙarfe. Abin da kamfanin motar ya rubuta a littafinta ko a murfin mai shi ake bi. In littafin ya ɓata, yana intanet, kuma datar da muke ƙonawa a TikTok ta isa a sauke shi sau goma.

Akwai kuma harufan API, irin su SL ko SN. Duk wanda harafinsa na biyu ya fi nisa a jerin abacada, shi ne ya fi sabunta. Masu mashin kuma su nemi JASO MA ko MA2 a jikin robar, domin a Boxer da ire-irensa kuloci a cikin man yake wanka, kuma wani man mota yana sa shi zamewa. Mota irin Corolla tana shan wajen lita huɗu, Boxer wajen lita ɗaya. Injin ban-ruwa irin GX160 na Honda da kwaikwayonsa na Chana bai wuce lita 0.6 ba, kuma ba shi da filtar mai kwata-kwata. Shi ya sa littafinsa ya ce a yi masa juye bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Ku lissafa: injin da ke aiki awa takwas kullum, kafin sati biyu ya cika awa 100. Namu ya yi wata biyu da ɗoriya.

Game da mota, kar mu ruɗu da dogon zangon da ake faɗa a Turai. Littattafan motoci suna da jadawali na daban don wuri mai ƙura da zafi da gajerun tafiye-tafiye, kuma mu da ke shan ƙurar hunturu da zafin Afrilu mai wuce digiri 40 muna cikinsa tsundum. Da man da aka saba, kilomita 5,000 ya isa, kuma duk juye a canza filta. In mitar motar ta mutu, kamar yadda ta mutu a rabin motocin garinmu, a rubuta kwanan wata a takarda a ajiye a cikin mota. Sannan a guji man awo da filtar da ba a san kamfaninta ba. Hukumar SON ta sha kama jabun baƙin mai a ƙasar nan, wani ma tsohon mai ne aka tace aka ɗura a galan mai suna. A saya a gidan mai ko wajen dila sananne, a duba murfi bai taɓa buɗuwa ba. Araha ba ta ado. In galan ya ƙare, a yanke shi a yi mazurari, don kar ya koma hannun masu ɗure.

Saura abin da ya fi damuna, wanda ko a gareji ba a cika kulawa da shi ba: ina tsohon man yake zuwa? Na ga ana zuba shi a kwata, a masai, a gindin katanga, a bakin fadama inda aka yi juyen. Na ga ana shafa wa akuya mai ƙazuwa. Man nan ya kwashi dattin ƙarfe da gubar ƙonewar fetur, har littattafan motoci suna gargaɗin kar a bar shi ya daɗe a fata. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya tak yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwa. Mu kuwa a kan ruwa muke zaune. A fadama kana haƙa kaɗan ka tarar da shi, daga nan muke sha, daga nan ake ban-ruwan shinkafa da alkama. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san abin da aka zubar a bayan gida a Kafin Hausa ko Auyo ba ya zama a nan; ruwa zai kwashe shi zuwa kogin Haɗeja, ya gangara dausayin Haɗeja da Nguru, inda kifin da muke saya a kasuwa yake fitowa. Wanda ya iya juye amma ya zubar da man a ƙasa, rabin aikin ya iya. A ɗura shi a jarka mai murfi, a ba kafintan da aka sani ya shafa wa katakon rufi saboda gara. Wannan ma ba cikakkiyar mafita ba ce, amma ta fi rijiya.

Na san abin da wasu za su ce. Wani abokina a hostel ya ce wai zan cire wa bakanikai abinci a baki. Na kai wa Oga wannan magana, ya yi dariya ya ce shi juye bai taɓa riƙe masa gida ba, kuma ya fi son mai motar da ya san abin da ake zuba mata, don ba ya dawowa da zargi. Wani kuma ya ce bai yi karatu don ya ɓata hannu da baƙin mai ba. To, ɗan'uwa, mu ne kullum muke kukan ana fifita masu digiri a kanmu, hujjarmu kuwa ita ce mu 'yan firatikal ne. In aka ce mu nuna, me za mu nuna? Gaskiya ɗaya da zan yarda da ita: akwai motocin da filtarsu take a lungu ko suke buƙatar kayan aiki na musamman. Irin waɗannan a kai gareji, amma ka tsaya a wajen, ka ga an fasa murfin galan a gabanka.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai abu uku ne, kuma duka ba su kai kuɗin kujerun walimar yaye ɗalibai ba. A sayi akwatin kayan juye guda biyu a ajiye a ofishin ƙungiya, mai buƙata ya ajiye katinsa ya ara. A ware Asabar ɗaya kowane zango, a roƙi malaman wokshof su tsaya mana, kowa ya zo da mashin ɗinsa ko janaretonsa ya yi da hannunsa, 'yan'uwa mata su ma a ba su sifana, kar a bar su da riƙon tsumma. Sannan a ajiye duro mai murfi a kan daɓen siminti, inda duk mai juye a cikin makaranta zai juye tsohon mai.

Mu da za mu fita bana ba lallai mu ga wannan ba, amma 'yan ND1 za su gani in an yi. Ni dai yanzu duk sati biyu in na je gida lokacin rani, da robar mai da sifana nake tafiya. Akwai ƙaramin littafi a rataye a rumfar gona da nake rubuta kwanan juye, kuma in na makara Baba da kansa yake bugo waya ya ce, "Injiniya, awa ɗari ta kusa fa."